Tukunya a rana: yadda muka koya wa matan ƙauyukan Argungu girki ba wuta

Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata, da la'asar kuma ina taimakawa a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu a Argungu. Ta ƙofar Islamiyyar ne aikin girki da rana ya shigo mini. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, gas ya gagari yawancin waɗanda suka saba da shi a cikin gari, kananzir kuwa da ma an daɗe da yin sallama da shi. Kowa ya koma kan itace da gawayi, su ma suka yi tashin gwauron zabi, tunda mota ce ke ɗauko su. In an tashi karatu, hirar mata ba ta wuce ƙullin itacen da ya ƙanƙance da kuɗinsa da ya ƙaru. Ana cikin haka wata ƙungiya mai zaman kanta ta aiko tana neman matan da za ta horar a Birnin Kebbi, waɗanda za su iya shiga gidajen kulle su koyar. Shugabar makarantarmu ta ba da sunana tun kafin ta tambaye ni.

A wurin horon an nuna mana murhun rana iri uku. Akwai akwati mai gilashi a sama, wanda ake sa tukunya a ciki a rufe. Akwai na kwali mai fukafukai da aka liƙa wa takardar alminiyam mai ƙyalli, ana sa tukunya a tsakiyarsa cikin wata leda mai jure zafi. Sai na ukun, faranti ne babba mai zurfi, yana tattara haske wuri guda a gindin tukunya. Mai horar da mu ya ce abin ba na yau ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Horace de Saussure, ya ƙera akwati mai gilashi ya dafa 'ya'yan itace a ciki tun 1767. Na kwalin kuwa, wanda ake kira CooKit, ƙungiyar Solar Cookers International ta Amurka ce ta yaɗa shi daga 1994. An kai shi sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, daga baya kuma aka kai wa matan Darfur da ke zaune a sansanonin gabashin Chadi, inda fita neman itace kan jawo wa mace abin da baki ba ya son faɗa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na kusa da gida. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tun 1982 aka kafa ta, kuma murhun rana da na'urar busar da amfanin gona suna cikin abubuwan da ta daɗe tana aiki a kansu. Ilimin yana nan maƙwabtanmu sama da shekara 40, amma ni da nake koyar da kimiyya ban taɓa shiga gidan da na tarar da tukunya a rana ba. Na fita daga ɗakin horon ina tunanin cewa ƙira ba ita ce wahalar ba, wahalar ita ce hanyar da abin zai bi ya shiga madafa.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. In rana ta take kuma sama ta washe, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya yakan kai wajen wat 1,000. Baƙin abu yana shanye haske ya mai da shi zafi, gilashi yana barin haske ya shiga ya hana zafin fita, bango mai kauri kuma ya riƙe shi. Akwatin da aka yi da kyau yakan kai digiri 120 zuwa 150, abinci kuwa yana fara nuna tun daga digiri 80 da 'yan kai, kafin ma ruwa ya tafasa. Ban taɓa yi wa matan ƙauye maganar wat ba. Tambayarsu nake yi: wa ta taɓa mantawa da baƙar butar roba a tsakar gida da bazara, ta zo alwalar azahar ta zuba ruwan a hannu? Sai a kwashe da dariya. Daga nan bayani ya ƙare, sauran aiki ne.

Na kwalin tun da wuri muka ajiye shi. Ledar da yake buƙata ba a samunta a kasuwanninmu, tana yagewa, iska na kifar da shi, awaki kuma in suka ji ƙanshin sitacin da aka liƙa takardar da shi, sun sami kalaci. Akwati muka zaɓa. Na kai wa wani kafinta a gefen kasuwa zanen da aka ba mu, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Malama, wanga akwatin ƙyanƙyasar ƙwai na?" Na ce na dafa shinkafa ne. Ya dube ni, ya dubi yaron shagonsa, ya ce to Allah shi kyauta, ya ɗauko tef.

Akwati biyu ne, ƙarami a cikin babba. Na wajen katako ne, wajen ƙafa 2 kowane gefe. Na cikin kwano ne mara kauri, zurfinsa bai wuce inci 10 ba, don in ya yi zurfi bangonsa zai yi wa tukunya inuwa. Tsakaninsu ana barin inci 3 a ƙasa da kowane gefe, a cika da abin da zai riƙe zafi. A nan ne Kebbi ta yi sa'a: buntun shinkafa yana nan tuli guda bayan kowane injin casa, masu injin har godiya suke yi in ka zo kwasa. Sharaɗinsa ɗaya, ya zama busasshe ƙarau, a kuma danna shi da kyau. Soson katifa da roba ba a sa su, zafi na sa su wari, warin kuma ya shiga abinci. Ƙasan akwatin ciki ana shafa masa baƙin fentin allo, a bar shi a rana babu komai a ciki na 'yan kwanaki har warin fenti ya fita. Sama gilashin taga ne, in da hali biyu a jere da ɗan rata tsakaninsu, a bi bakinsa da yankin tsohon bargo don kada zafi ya sami kafar fita. Sai marfi, wanda ake liƙa wa takarda mai ƙyalli ko madubi ta ciki, a tokare shi da sanda mai tsaga-tsaga don ya tura ƙarin haske cikin akwatin. Kafintan ne da kansa ya ƙara masa mariƙi biyu a gefe, ya ce mace ba za ta rungumi wannan kaya tana juyawa ba. Da gaskiyarsa, kuma zanen bai yi wannan tunanin ba.

Tukunya ma da irin wadda ake so: mara kauri, mai faɗi, baƙa, mai murfin da ke zama daram. Gindin tukwanen matanmu da ma hayaƙi ya gama baƙanta shi, murafen ne ke ƙyalli, sai mu shafa musu fentin allo ta waje. Tukunyar ƙasa da babbar tukunyar dalma suna jan lokaci kafin su ɗauki zafi. Ƙananan tukwane biyu sun fi babba guda ɗaya saurin nuna.

Ƙauyukan da aka ba ni suna bakin fadama ne, manoman shinkafa da masunta. Ba a shiga gari ta taga, don haka ƙanen maigidana ya raka ni wurin maigarin ƙauyen farko. Muka zube muka yi gaisuwa. Na ce, "Ranka shi daɗe, mun zo da wata hikima ta girki wadda za ta rage wa mata neman itace." Ya yi shiru yana jan tasbaha, sannan ya ce, "Malama, masu kawo kaya mun gan su da yawa. Su ɗauki hoto su tahi, kaya su lalace ba mai gyara." Na ce ni 'yar Argungu ce, gidanmu sananne ne, in abin ya lalace ya aiko a kira ni. Sai ya sa aka kira liman.

Tambayar liman ba wadda aka shirya mu dominta a Birnin Kebbi ba ce. Ya ce littattafan fiƙihu sun yi magana a kan ruwan da rana ta zafafa a cikin ƙarfe a ƙasa mai zafi, wasu malamai sun karhanta alwala da wanka da shi, tsofaffi kuma suna cewa yana kawo ciwon fata. To abincin fa? Na yi masa bayanin abin da na sani ta fuskar kimiyya, cewa tukunya a rufe take, zafi ne kawai ke shigarta, kuma zafin rana da na itace in sun shiga ruwa ba su da bambanci. Hukunci kuwa na ce shi ne malami. Ya ɗan yi nazari ya ce maganar malaman a kan tsarki take, ba a kan dafuwa ba, ko a can ma an yi saɓani, kuma kilishi da kifi da kuɓewa duk rana ce ke busar mana da su muna ci. Ya ce a gwada, a kawo masa ya ɗanɗana. Daga ranar, duk ƙauyen da zan shiga sai na nemi a kira liman tun farko, don in bai yi tambayar a gaban maigari ba, wata za ta yi ta a bayan idona.

Gwajin farko a cikin gidan maigari muka yi shi, da hantsi. Na sa shinkafa da waken da aka jiƙa tun dare a tukunya ɗaya, dankali a ɗaya, na jera ƙwai a gefe ba ruwa, na rufe gilashi, na daidaita marfi. Mata sun cika tsakar gida, yara sun hau katanga. Shiru. Ba hayaƙi, ba ƙarar tafasa, ba abin kallo. Wannan jiran shi ne mafi wuya a duk aikin, domin mace ta saba tana ganin wuta tana iza ta, ta san girki na tafiya. Na ce kowa ta koma aikinta a dawo bayan azahar. Uwargidan maigari ta ce ita ba inda za ta, ta ja tabarma ƙarƙashin dogonyaro ta zauna tana tsinkar zogale, idonta a kan akwatin, kada in yi musu dabo.

Bayan sallah aka dawo. Gilashi ya yi raɓa ta ciki. Kafin in miƙa mata tsumma, uwargidan ta kai hannu kan murfin tukunya, ta janye tana salati tana yarfe yatsu. Wannan ƙunar ta fi duk bayanina aiki. Aka buɗe, tururi ya tashi, wake ya yi luguf, shinkafa ta yi wara-wara. Aka zuba mai da yaji, aka aika wa maigari da liman nasu, sauran kowa ta sa hannu. Wata tsohuwa ta tauna a hankali, ta leƙa cikin tukunya ta ce, "Ɗiyata, ya nuna ƙwarai. Amma ina ƙanzo?" Na ce, "Inna, wagga tukunya ba ta ƙonewa." Ta ce to jikokinta mi za su kankara? An yi dariya, amma maganarta ba wasa ba ce. Murhun itace ba girki kaɗai yake bayarwa ba. Yana ba da ƙanzo, da tokar wanke-wanke, da garwashin turaren wuta da na dutsen guga, hayaƙinsa na korar sauro, da hunturu kuma nan yara ke jin ɗumi. Duk mai son mace ta rage hura wuta ya kamata ya san abin da yake cewa ta bari.

Daga nan muka shiga koyarwa sosai, rukuni-rukuni, a gidan da ya fi fili. Darasin farko ba girki ba ne, neman rana ne. Kowace mace sai ta lura da tsakar gidanta ta gano inda rana ke zama daga hantsi har la'asar ba tare da inuwar rumbu ko ta ɗaki ko ta bishiya ta ratsa ba. Wasu gidajen wurin bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba, kuma nan ake shanya. Na biyu lokaci. Ƙa'idar ita ce, in inuwarki ta fi ki gajarta, rana ta isa girki, in ta fi ki tsawo, kin makara ko kin yi sammako. Wannan bai ba su wuya ba ko kaɗan, domin duk wadda ta yi karatun lokutan sallah ta san auna inuwa. Mun kafa ƙusa a gefen kowane akwati: in inuwar ƙusar ta koma baya sak, akwatin na fuskantar rana, in ta karkace sai a juya shi. Juyi sau ɗaya a awa ya isa, in ma mace za ta fita unguwa sai ta fuskantar da shi inda rana za ta kasance da tsaka, ta tafi abinta.

Sauran ƙa'idojin a bakin tukunya aka koye su. A rage ruwa, domin ba ya ƙonewa kamar a kan wuta. A yanka nama da kabewa da rogo ƙanana. A jiƙa wake tun dare. A goge gilashi kafin a fara. Wadda ta fi wuyar bi ita ce kada a buɗe. Hannun mace ya saba da ɗaga murfi da juya abinci, kuma kowace buɗewa tana fitar da zafin da za a daɗe kafin a mai da shi. Shinkafa takan ɗauki awa 2 ko ƙasa da haka in rana ta yi kyau, wake da nama awa 3 zuwa 4. Alala kuwa kamar don ita aka yi akwatin, a gwangwani ko a ganye, ba ta kamawa ba ta shan ruwa.

Ƙungiyar da ta horar da mu ta ba mu manyan hotuna na hamada da kututturan itatuwa, ta ce mu fara kowane zama da bayanin sare daji da sauyin yanayi. Maganar gaskiya ce. Kebbi na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, kuma tsofaffin ƙauyukan da kansu suna lissafa mini kirya da marke da suka sani a bayan gari waɗanda yanzu babu su, sai sabara da geza. Amma ban ga macen da ta karɓi akwati don hamada ba. Abin da ke sa su gyara zama shi ne lokaci da ido. Mai saƙar tabarma, mai ƙuli-ƙuli, mai turara shinkafa ta sayarwa, duk sun gane nan take cewa ga tukunyar da ba ta son a tsaya a kanta. Wata ta ce tun tana amarya take hawaye a madafa, yanzu ko zare ba ta iya sa wa allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, da yawansu mata ne da ƙananan yara, amma ba sai na kawo adadi ba, kowace na da goyon da ya sha tari a bayanta. Akwai kuma 'yan matan da ake tura wa itace da safe maimakon makaranta, ga daji ya yi nisa, hankalin iyaye kuma ba ya kwanciya da shi kamar da.

Sai muka zo kan tuwo, inda duk wani daɗin baki ya ƙare. Babban girkin gidan Bahaushe na dare ne. Maigida yana dawowa daga fadama, bayan magariba ko isha'i yake son tuwonsa da zafi, lokacin rana ta daɗe da faɗuwa. Da safe koko ne ko ɗumame, lokacin ba ta fito ba. Rana tana ba da ƙarfinta ne a daidai lokacin da gidaje da yawa fura kawai suke sha. Ga kuma tuwon dawa da na masara da na gero, sai an yi talge, an tuƙa a kan wuta mai ƙarfi, an bar shi ya sulala. Akwatin da aka ce kada a buɗe ba zai yi wannan ba. Duk wanda ya ce murhun rana zai kori duwatsun murhu bai taɓa tuƙa tuwon mutum 20 ba. Na gaya wa matan haka ƙarara, kuma na lura daga ranar suka fi yarda da sauran maganganuna.

Mafitar ba daga littafin horo ta fito ba. Wata matar masunci ce, mai yara da yawa, ta kira ni gefe ta ce, "Malama, zo ki ga abin da ni kai." Tana zuba shinkafar tuwo da ruwa mai ɗan yawa tun walaha, ta bar ta a akwati har ta narke. Da la'asar ta sauke, ta tuƙe ta da muciya a ƙasa ba wuta, ta kwashe da mara. Tuwon shinkafa sumul, ba gudaji, ba ƙauri. A ƙasar da shinkafa ke bakin ƙofa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Miya ma ta samo mata hanya: ruwa da daddawa da busasshen kifi da tattasai da albasa su dahu a tukunya ta biyu, in ta sauke sai ta kaɗa kuka da maburgi tun da zafinsa. Ranar tuwon dawa kuwa, ruwan kawai take sa wa a akwati, in ta zo hura wuta ta ɗora ruwan da ya kusa tafasa, itace kaɗan ya ishe ta. Tun daga nan ita nake ɗauka zuwa sauran ƙauyuka ta nuna da hannunta, ni in koma gefe. Mata sun fi jin ta, don hannunta irin nasu ne.

Saura yadda abinci zai kai dare da zafi. Nan kwandon buntu ya shigo. Babban kwando ne ko tsohuwar roba, a ɗinka 'yan matasai da tsofaffin zannuwa a cusa musu buntu, ɗaya a ƙasa, wasu a kewaye, ɗaya a sama. Ana sauke tukunya daga akwati a cusa ta ciki ba tare da an ɗaga murfi ba, ta yi awoyi da zafinta. Yana aiki ko da wutar itace: a tafasa wake na minti 15, a sauke a sa a kwando, ya ƙarasa nuna da kansa. Gargaɗin da nake maimaitawa shi ne, in an buɗe aka tarar abinci ya koma ɗumi-ɗumi, a sake tafasa shi kafin a ci. Abin dariya, wannan kwandon da aka kawo a matsayin ɗan rakiya ya fi akwatin yaɗuwa, saboda ba ya cin ko sisi kuma ba ruwansa da hadari. Har gidajen da ban taɓa shiga ba na ji ana yin sa.

Farantin nan mai tattara haske mun gwada shi ma. Wani mai walda ya ɗauki tsohon farantin satalayit ya jera masa gutsattsarin madubi, ya yi masa mazaunin tukunya. Yana da ƙarfi, yana tafasa ruwa da sauri, yana suya. Amma sai an juya shi duk minti 10 zuwa 15, mai girki kuma tana tsaye a rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Haskensa na kashe ido, kuma a wani gida an bar shi a buɗe ba tukunya, ya kama zanan makewayi, Allah ya taƙaita aka gani da wuri. Mai ƙosai ba ta amfana da shi, don kasuwarta ta asuba ce da ta yamma. Mun bar shi ga manyan mata masu suyar gyaɗa da awara da rana, da sharaɗin a kifar da shi ko a lulluɓe shi in an gama.

Ruwan sha ma mun taɓa shi. Ba sai ya tafasa ba, in ya kai digiri 65 ya ɗan jima a haka, ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa da taifot sun mutu. An ba mu wani ɗan bututu mai kakin da ke narkewa in ruwa ya kai wannan zafin, ana jefa shi a tukunya. Sai dai lokacin da aka fi buƙatarsa, damina da ambaliya, shi ne lokacin da rana ta fi ƙaranci.

Shekara ce ta koya mana sauran. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Mayu akwati sarki ne, kusan kullum. Azumin 2024 da na 2025 duk sun kama watan Maris, kuma ban ga lokacin da mata suka yi wa abin godiya kamar nan ba: a sa alala da dankali da wake tun walaha, mai azumi ta kwanta a inuwa maimakon ta tsuguna gaban wuta, da la'asar a mai da su kwando har a kira sallah. Damina na shiga sai a riƙa duban sama, a watan Agusta kuwa in marka ta zauna sai a jingine akwati a ɗaki kada buntu ya jiƙe. Oktoba da Nuwamba ya dawo. Da hunturu rana na karkata kudu, sai an ƙara sunkuyar da marfi, ranar da hazo ya rufe kuma girkin awa 2 ya koma 4, ko a haƙura a hura wuta.

Kuɗi da mallaka su ne suka raba akwatunan da ke aiki da waɗanda suka mutu. Na farko kyauta aka raba su. Da na koma zagaye, na tarar da wani an cika shi da kayan sawa, wani an cire gilashin an sa a taga, wani kaza na kwanci a ciki, abin da kafinta ya faɗa tun farko. Waɗanda mata suka yi adashi suka biya rabin kuɗinsu kuwa, har rumfar ƙaya aka yi musu saboda awaki. A gidan mata biyu ko uku, sai an yi maganar na wa ne tun kafin a sauke shi daga babur. In na uwargida ne, ranar girkin amarya yana ɗaki a kulle. Inda abin ya zauna lafiya shi ne inda maigida ya sa kuɗinsa ya ce na gida ne, yana bin mai girki kamar turmi da taɓarya. Saboda haka muka fara zama da maza a ƙofar maigari bayan sallar Juma'a, ƙanen maigidana na yi musu lissafin kuɗin itacen wata guda a gefen kuɗin akwati.

Gilashi shi ne raunin abin har yanzu. Akuya ta haye, yaro ya jefa dutse, ko a zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, ya tsage. Sabo sai an zo Argungu ko Birnin Kebbi, a ɗauko shi a bayan babur a kan hanyar fadama, wani lokaci ya isa a fashe. Yanzu kafintan yana yanka gilashin gida biyu, kowane rabi da firam ɗinsa, don in ɗaya ya fashe canjinsa ya zo da sauƙi, yana kuma ajiye 'yan yankakku a shago daidai awon akwatunanmu. A kowane ƙauye akwai matan da suka karɓi koyarwar daga hannuna, su ke tattara saƙon gyara su aiko ranar kasuwa. Abin da muke gwadawa a bana shi ne ragar waya da za a ɗora in ba a girki, da kuma akwati mai faɗin da zai ɗauki tukwane huɗu, domin wata mai dafa wa almajirai abincin rana ta ce ƙaramin bai kai mata ko'ina ba.